Masu Shan Jar Ƙwaya: Wa Ya Farka, Wa Ke Barci?

Ranar wanka, in ji Hausawa, ba a ɓoyon cibi. Fiye da shekara 25 ke nan da fitowar fim ɗin nan na Amurka mai suna The Matrix, kuma har yau ba a rasa mai yi masa kirari da cewa shi ne fim ɗin da ya koya wa matasan duniya yin tunani. To ni dai ban gamsu ba. Hujjar da nake son in kafa a wannan maƙala ita ce, galibin 'yan kallon wannan fim sun tsinci abin da ya yi musu daɗi a cikinsa, sun bar tambayar da ya kamata ta hana su barci, har suka mayar da labarin da aka gina a kan shakka ya zama abin taƙama da raina jama'a. Ƙorafina a kan 'yan kallo yake, kodayake su ma masu shirya fim ɗin ba za su fita salin-alin ba.

Ga wanda bai gani ba, bari in gutsura masa labarin. Wani matashi ma'aikacin kamfanin kwamfuta, wanda ake wa laƙabi da Neo, ya gano cewa duniyar da yake ciki, da titunanta da ofisoshinta da abincinta, duk ƙage ce ta kwamfuta. Na'urori masu wayo sun ci 'yan Adam da yaƙi, sun kwantar da jikkunansu a cikin wasu kwamaye suna tatsar makamashi daga gare su, sa'an nan suka jona kwakwalensu da wata duniyar kwaikwayo domin kada su farga. Wani jagoran 'yan tawaye, Morpheus, ya miƙa wa Neo ƙwayoyin magani guda biyu: in ya sha shuɗiya ya koma barcinsa, in ya sha ja ya ga gaskiya. Ya sha ja, kuma daga ƙarshe ta tabbata shi ne zaɓaɓɓen da ake jira.

An fara nuna fim ɗin a Amurka ranar 31 ga Maris, 1999. Ya tara fiye da dala miliyan 460 a gidajen silima na duniya, ya kuma ci kyautar Oscar guda 4 a shekarar 2000. Masu kare 'yan kallo sukan ɗaga waɗannan alƙaluma su ce, ai ga shaida nan jama'a na son fim mai sa tunani. To amma fa a shekarar 1999 ɗin nan fina-finai uku ne suka fito a kan wannan batu, a tsakanin wata biyu kacal, kuma yadda aka karɓi sauran biyun ya isa ya ruguza wannan da'awa.

Na biyu shi ne eXistenZ na David Cronenberg, mutumin Kanada, wanda ya fito a Amurka a watan Afrilu. A cikinsa mutane kan shiga wasan kwaikwayon rayuwa ta hanyar wata na'ura mai kama da tsoka, wadda ake jona ta a wani rami da aka huda a ƙasan gadon bayansu. Jaruman fim ɗin sun shiga wasa, daga cikin wasan suka shiga wani wasan, har ya zamana ba wanda ya san ƙofar fita. An rufe fim ɗin da wani mutum da aka auna da bindiga yana roƙon a gaya masa gaskiya, shin har yanzu a cikin wasan suke? Ba a ba shi amsa ba, mu ma ba a ba mu ba. Wannan fim ya samu lambar yabo a bikin fina-finai na Berlin a 1999, amma abin da ya tara a silimomin Amurka bai kai dala miliyan 3 ba. Na uku shi ne The Thirteenth Floor, wanda ya fito a watan Mayu, aka gina shi a kan littafin Simulacron-3 na Daniel Galouye na 1964. Jarumin yana cikin masu ƙera duniyar kwaikwayo ta birnin Los Angeles na 1937, yana kallon mutanen cikinta kamar 'yan tsana, sai ya wayi gari ya gano cewa shi ma ɗan tsanar wasu ne. Wannan ma ko kusa bai kama ƙafar The Matrix a kasuwa ba.

Na san za a ce The Matrix ya fi su kuɗi da kayan aiki da gwanintar faɗa, tun da an ɗauko Yuen Woo-ping daga Hong Kong ya tsara dambe da tsalle-tsallen ciki. Haka ne. Sai dai wanda ya faɗi haka ya taya ni kafa hujja, domin ya amsa da bakinsa cewa naushi da harbi ne suka cika silima. Bayan wannan akwai wani bambanci da ya fi wannan zurfi. Fina-finan nan biyu da aka guda suna ce wa ɗan kallo, kai ma ba ka tsira ba, ba ka da tabbacin ƙasar da ka taka. Shi kuwa The Matrix rarrashinsa yake yi, yana raɗa masa cewa kowa na barci sai kai, kuma ƙuncin da kake ji a ofis ko a aji alama ce ta cewa kai na daban ne. Wane ne zai ƙi biyan kuɗi a gaya masa haka?

In mai karatu na ganin na yi wa 'yan kallo ƙazafi, to ya dubi abin da ya faru a 2003. A kashi na biyu, The Matrix Reloaded, masu fim ɗin, wato 'yan gidan Wachowski, sun yi ƙoƙarin janye wannan rarrashi. Suka sa Neo ya gana da wani dattijo mai farin gemu, wanda ya zana duniyar kwaikwayon, ya kuma shaida masa cewa shi ne zaɓaɓɓe na shida, cewa annabcin zuwansa da tawayen kansa duk dabarar na'urorin ce ta tattara masu gardama wuri guda domin a share su. Wannan ita ce magana mafi nauyi a cikin jerin fina-finan baki ɗaya, kuma ita ce aka fi yi wa ba'a, aka ce surutu ya yi yawa. Kashi na biyu ya tara kimanin dala miliyan 740, amma da na uku ya fito bayan wata shida abin da ya samu bai kai miliyan 430 ba. Akwai dalilai da dama na wannan faɗuwa, amma ba na shakkar cewa ɗaya daga ciki shi ne an taɓa wa ɗan kallo rawaninsa.

Wani abin takaici kuma shi ne yadda wasu ke ganin da sun kalli fim ɗin sun sauke falsafa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tambayar ko abin da muke gani gaskiya ne ta girmi silima da ƙarnoni. Aflaɗun na Girka ya buga misali da fursunoni a cikin kogo, waɗanda ba su taɓa ganin komai ba sai inuwa a bango, amma a misalin nasa wanda ya kuɓuta komawa yake yi cikin kogon wurin 'yan'uwansa, ko da za su yi masa dariya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labari a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal yadda ya tuhumi idonsa da ke nuna masa tauraro ƙarami alhali ƙato ne, sa'an nan ya tuhumi hankalinsa, yana cewa mai mafarki ma yakan gaskata mafarkinsa har sai ya farka. Ya yi kusan wata biyu a cikin wannan hali kamar mai jinya, kafin Allah Ya yaye masa. Rene Descartes na Faransa kuwa, a 1641, ya ƙaddara cewa wani mugun aljani ne ke ruɗinsa a kan duk abin da yake gani. A lura da kyau, Gazali da Descartes kansu suka fara tuhuma, kuma shakkar wahala ta zame musu. Ɗan kallon The Matrix maƙwabcinsa yake tuhuma, kuma shakkar tasa ado ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hasali ma, masanin da fim ɗin ya fi jingina da shi bai amince da shi ba. A farkon fim ɗin an nuna Neo yana ɓoye kayansa a cikin littafin Jean Baudrillard na 1981, Simulacra and Simulation. Amma a wata hira da ya yi da mujallar Le Nouvel Observateur a 2003, Baudrillard ya nuna cewa an yi wa tunaninsa gurguwar fahimta, ya ce wannan irin fim ne da ita kanta duniyar kwaikwayon za ta iya shiryawa a kan kanta. Matsalar da shi yake magana a kai ita ce ta zamanin da hoto da talla da talabijin suka cakuɗe da rayuwa har ba a iya raba su. Fim ɗin kuwa ya shata layi sarai, nan ƙarya, can gaskiya, ga kuma ƙwayar da za ta tsallakar da kai.

Da abin ya tsaya a gardamar ɗakin kwanan ɗalibai da ban ɓata tawada ba. Amma jar ƙwayar ta fita daga silima ta shiga siyasa da zamantakewa. Tun daga wajajen 2012 wasu gungun maza a intanet suka mayar da ita tutarsu, suna nufin wai sun farka sun gane cewa mata ne ke juya duniya suna zaluntar maza. A watan Mayun 2020 attajiri Elon Musk ya yi kira a Twitter da a sha jar ƙwaya, Ivanka Trump ta amsa cewa ta sha, ita kuwa Lilly Wachowski, ɗaya daga masu fim ɗin, ta mayar musu da ashar. A Disambar 2022, da hukumomin Romaniya suka kama Andrew Tate bisa zargin safarar mutane, zargin da ya musanta, sai ya ce Matrix ce ta turo wakilanta. Kotu ce ke da hurumin tantance zargi, amma dubi irin garkuwar da kalmar ta zama. Duk wanda ya kawo maka hujja ka ce yana barci, duk wanda ya tuhume ka ka ce wakilin na'ura ne. Mutumin da ya kai nan ya rufe wa kansa ƙofar ilimi, domin babu sauran abin da zai iya nuna masa ya yi kuskure. Matasanmu da ke bin irin waɗannan mutane a wayoyinsu suna kwasar wannan ɗabi'a tare da kalmominta, kuma jami'a, inda ake koyon yadda ake sauraron hujjar abokin gardama, ita ce wurin da ta fi yi wa illa.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, saboda haka dole a ba masu fim ɗin nasu kason. Su ne suka sa Morpheus ya koya wa Neo cewa duk wanda ba a cire shi daga duniyar kwaikwayon ba yana iya zama abokin gaba. Su ne kuma suka shirya fitowar nan da Neo da Trinity suka bindige masu gadin wani bene, aka sa kiɗa, aka rage gudun hoto domin a ji daɗin kallo, alhali bisa ƙa'idar labarin waɗannan masu gadi mutane ne na gaske, bayin da aka ce an zo 'yantawa, kuma wanda ya mutu a can ya mutu a zahiri. Amma ɗan kallo mai hankali a nan ya kamata ya tsaya ya yi tambaya. Mutum nawa ne suka tsaya? Tafi aka yi.

Akwai kuma masu cewa fim nishaɗi ne, a bar mutane su huta. Ban ƙi ba. Wanda ya ce ya je kallon faɗa ne, ya faɗi gaskiya, ba ni da rigima da shi. Rigimata da wanda ya je kallon faɗa ya dawo yana kiran sauran mutane tumaki. Irin wannan mutum ya kamata ya sake duban Cypher, maci amanar da ke cikin fim ɗin, wanda ya gaji da gaskiya mai ɗaci da abinci marar daɗi, ya sayar da abokansa domin a mayar da shi barci ya ci nama mai laushi ko da na ƙarya ne. Kowa ya tsine wa Cypher a silima. Tun a 1974 masanin falsafa Robert Nozick ya yi tambayar ko mutum zai yarda a jona shi da na'urar da za ta ba shi duk daɗin da yake so har ƙarshen rayuwarsa, yana ganin yawancin mutane za su ƙi. To ga shi yau muna riƙe da wayoyin da manhajojinsu ke nazarin abin da muke so su ƙara mana irinsa, kuma wanda ya fi kowa ihun ya farka shi ne ke kwana a kansu yana sauraron masu gaya masa ya farka.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai da malamai ita ce, a kalli The Matrix, a haɗa da eXistenZ, sa'an nan a nemi Gazali a karanta. Duk wanda ya zo muku da da'awar ya sha jar ƙwaya, ku tambaye shi abu guda: wane ra'ayi ne nasa na kansa ya taɓa bari saboda hujjar wani ta fi tasa? In ya kawo ko da ɗaya ne, ku saurare shi. In ya rasa, ku yi masa addu'ar samun sauƙi. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta.