VirtualBox Kyauta Ce, Amma Akalarta Tana Hannun Oracle

Da wuya a samu wanda ya koyi Linux ko tsaron intanet da laptop ɗaya tilo bai bi ta kan VirtualBox ba. Manhaja ce da ke ba mutum damar kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutarsa: ya ɗora Ubuntu ko Kali, ya yi gwajinsa, in ya lalata ya goge ya sake, Windows ɗinsa na nan lafiya. Ga ɗalibin da ba shi da kuɗin na'ura ta biyu, ko katin biyan dala, wannan ba ƙaramar gata ba ce. Shi ya sa ya kamata a san wanda ke riƙe da ita.

Kamfanin Innotek na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, ya buɗe kod ɗinta ga jama'a a 2007. A 2008 Sun Microsystems ya sayi Innotek, a 2010 kuma Oracle ya haɗiye Sun. Sauran kayan gadon Sun ba su ji da daɗi ba. An rufe OpenSolaris a shekarar. Masu aikin OpenOffice suka ɓalle suka kafa LibreOffice, Hudson ya haifi Jenkins, wanda ya kafa MySQL kuwa tun 2009 ya fara MariaDB.

A yi wa Oracle adalci, bai kashe VirtualBox ba. A sigar 7.0 ta 2022 ma ya mayar da tallafin USB 2.0 da 3.0 cikin ɓangaren kyauta. Sai dai har yanzu Extension Pack a rufe yake: kyauta ne ga amfanin kai, amma kamfani sai ya biya lasisi.

Masu kare ta kan ce ai lasisin GPL ne da ita, in Oracle ya juya baya jama'a za su kwafi kod ɗin su ci gaba. A doka haka ne. A aikace kuwa, wannan ba manhajar rubutu ba ce. Tana aiki kai tsaye da VT-x na Intel da AMD-V, tana buƙatar direbobi a Windows da Linux, kuma sabon kernel kan iya karya ta sai an gyara. Mafi yawan masu wannan gyara ma'aikatan Oracle ne. Ranar da aka sauya musu aiki, kod zai rage, amma masu ilminsa sun tafi.

Gudu zuwa VMware ba mafita ba ce. Broadcom ya kammala sayensa a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, sannan a 2024 ya mayar da Workstation Pro kyauta. Kod ɗin dai a kulle yake, wanda ya ba da kyautar kuma shi ke da ikon janye ta. Vagrant ma, da masu rubuta manhaja ke haɗawa da VirtualBox, HashiCorp ya cire shi daga buɗaɗɗen lasisi a 2023, kafin IBM ya sayi kamfanin.

Labarin KVM ya sha bamban. Red Hat ya sayi Qumranet da ya ƙirƙiro shi a 2008, IBM ya sayi Red Hat a 2019, amma KVM bai girgiza ba. Dalili shi ne tun 2007 yake cikin kernel ɗin Linux, kuma injiniyoyin Intel da AMD da Google duk suna aiki a kansa. Abin da ke kare buɗaɗɗiyar manhaja shi ne yawan hannuwan da ke riƙe da ita, lasisi kaɗai bai isa ba.

Babu dalilin goge VirtualBox a yau. Abin da ya dace shi ne kada a jingina da ita kacokan. Mai amfani da ita ya riƙa fitar da injinansa a tsarin OVA yana adanawa, ya koyi juya fayil ɗin VDI zuwa qcow2 da qemu-img. Wanda ke kan Linux ya gwada QEMU da virt-manager tun yanzu, mai Windows Pro kuma ya san Hyper-V na nan a cikin na'urarsa. Masu koyarwa su ma su daina gina darussansu gaba ɗaya a kan manhaja ɗaya, don ɗalibin da ya fahimci yadda abin ke aiki zai iya komawa wata cikin yini guda.