Wanke hannu a makaranta: darasi kaɗai bai isa ba

Ya ku iyaye, ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wanke hannu ta duniya. An fara ta a 2008. A wannan rana malamai suna nuna wa ƴan makaranta yadda ake wanke hannu da sabuni. To amma bayan biki, me ake yi?

Ku tuna da cutar kwalara, wato amai da zawo. A 2018 ta ɓulla a Madarunfa, cikin jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo, ta shafi Maraɗi, Damagaram, Tawa da wasu jihohi. Ƙwayar cutar tana fita cikin bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci, ko hannu ya kai ta baki. Bincike ya nuna wanke hannu da sabuni yana rage zawo da kusan kashi 30 cikin 100.

A 2020, lokacin korona, an saka kayan wanke hannu a makarantu da yawa. Ku je makarantar garinku ku duba: akwai ruwa da sabuni a wurin yau? Nan matsalar take. Yaro yana iya haddace darasi, amma in ya fito daga salga bai tarar da ruwa ba, haka zai ci abinci da hannun nan.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A huda jarka, a rataye ta kusa da salga, a ɗaura mata igiya da sandar takawa. Yaro ya taka, ruwa ya zubo. Ku kai maganar taron kwamitin makaranta, a tsayar da mai ɗebo ruwa da mai sayen sabuni.

Sai kuma gida. In malam ya ce a zuba ruwa a kan hannu, ku kuma kuna tsoma hannuwanku duka cikin ƙwarya ɗaya kafin tuwo, wa yaro zai bi? Ku zuba wa juna ruwa da buta. A cuɗa tafi, bayan hannu da tsakanin yatsu da sabuni, kafin cin abinci da bayan an zaga.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba yanzu, shi zai koya wa ƙannensa.