Yawon buɗe ido a kan keke: A fara da kwana ɗaya tsakanin Rano da Kibiya

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo titunan Kano da ƙarfinsa. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunan da suka daɗe a jingine, wasu kuma sun sayi na hannu.

Sai dai har yanzu yawancin masu hawan ba su ɗauki keke a bakin komai ba illa abin rage kuɗin mota daga gida zuwa wurin aiki. Kaɗan ne suka taɓa tunanin ɗaure masa kaya ranar Asabar, su fita bayan gari, su kwana a wani ƙauye, su dawo Lahadi.

Ya kamata matasan Kano su gwada wannan tafiya, kuma ƙasar Rano da Kibiya na daga cikin wuraren da suka fi dacewa a fara da su. Sharaɗin shi ne a fara da gajeriyar tafiya a kan keken da ake da shi, sannan a yada zango da sanin masu gari.

Me ya sa Rano da Kibiya?

Dalili na farko shi ne kusanci. Daga birnin Kano zuwa Rano kimanin kilomita 60 ne, idan an bi titin Zariya aka ratse a Karfi aka wuce ta Bunkure. Daga Rano zuwa Kibiya, wadda ke gabas da ita, bai wuce kilomita 15 ba. Wanda bai saba doguwar tafiya ba yana iya ɗora kekensa a motar haya zuwa Rano, ya fara tuƙi daga can, ya huta da cunkoson manyan motocin titin Zariya.

Na biyu, akwai abin gani. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma a tarihin baka ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda sana'ar rini. Har gobe ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Akwai duwatsu a kewayen Rano da Rurum, akwai tafkin Ruwan Kanya, sannan kusa da Rurum ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ruwan noman rani ke gangarawa zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, inda shinkafa da alkama da tumatir ke shar a tsakiyar rani.

Na uku, garuruwan yankin suna kusa da juna. A Kibiya akwai Tarai da Durba da Fassi da Saya-Saya, a Rano akwai Saji da Lausu da Madachi da Rurum. Da wuya mai keke ya yi awa guda bai iske masallaci ko rijiya ko mai shayi ko mai faci ba. Ga sabon shiga, wannan ya fi kowane kayan zamani amfani.

Keken da ke gida ya isa

Abin da ke fara karya gwiwar matasa shi ne hotunan intanet: Turawa da kekuna masu giya barkatai, da jakunkuna na musamman, da tanti mai tsada. Mutum ya duba aljihunsa ya ce wannan harkar masu kuɗi ce.

Amma tarihin tafiyar bai nuna haka ba. Thomas Stevens, mutumin da ya fara zagaya duniya a kan keke tsakanin 1884 da 1886, ya yi tafiyar ce a kan keke mai ƙatuwar ƙafar gaba, wanda ko sarƙa ba shi da ita. A 2023, wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya tuƙa keke kimanin kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, da niyyar zuwa Jami'ar Azhar a Masar, domin ba shi da kuɗin jirgi.

Ba sai an je nesa ba ma. Duk ranar kasuwa a kudancin Kano ana ganin dattawa a kan Rali ko Fonis, ɗauke da buhun hatsi ko itace ko kwandon kaji, suna ratsa burtali da yashi. Keken da ya ɗauki buhun masara ba zai gaza ɗaukar bargo da tabarma ba.

Abin da ake buƙata shi ne a kai keken wurin mai gyara kwana biyu kafin tafiya. A duba birki gaba da baya, a sauya tayar da ta suɗe, a ɗaure sifok, a sa wa sarƙa mai, a tabbatar kariya ba ta rawa. A daidaita tsayin sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, domin gajeren sirdi shi ke jawo ciwon gwiwa.

Kayan gyara ba su da yawa: famfo, da tiyub guda na ajiya, da faci da gam ɗinsa, da sifanar da ta dace da notinan keken. Wajibi ne mutum ya koyi yin faci da hannunsa tun a gida, saboda ƙaya da tsidau sun cika hanyoyin gona, kuma ba sa tambayar ko akwai mai faci a kusa.

Na kwana kuma: tabarma ko shimfiɗar leda, gidan sauro, bargo, tocila, da ɗan tamfol idan babu tanti. A raba nauyin gida biyu a ɓangarorin kariya, a ɗaure da roba. Jakar goyo mai nauyi a baya tana gajiyar da kafaɗa tun kafin azahar.

Lokaci da tsarin tafiya

Mafi dacewar lokaci shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanyoyin ƙasa sun bushe, sauro ya ragu, rana ba ta da zafi sosai. Sai dai sanyin daren hunturu a fili ba wasa ba ne, don haka rigar sanyi da hula da man shafawa dole ne, tare da takunkumi ko rawani saboda ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wanda ke da haɗari ga mai tuƙi da kaya. Da damina kuma laka da cikar rafuka kan datse hanya.

Ga mai farawa, kilomita 30 zuwa 40 a yini sun wadatar. A tashi bayan sallar asuba, a huta idan rana ta take, a ci gaba bayan la'asar, a isa masauki tun da sauran haske. Tuƙin dare a titin da babu fitilu, ga motocin haya masu gudu, ganganci ne.

Tafiyar farko za ta iya zama daga Rano zuwa Kibiya da ƙauyukanta, a kwana, a dawo. Ta biyu a nufi Rurum da bakin Tiga. Sai an saba da waɗannan kafin a yi maganar tasowa da keke tun daga Kano.

Ruwa shi ne kan gaba a guzuri. A riƙe aƙalla lita 3 ga kowane mutum, a riƙa cikawa a famfunan burtsatse na hanya. Dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da garin kwaki ba su da nauyi, ba sa lalacewa. A tafi da ƙullin gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsafta, ga wanda gudawa ko yawan gumi ya galabaitar.

Zango sai da izinin masu gari

A nan ne kwaikwayon Turai zai iya jefa mutum cikin masifa. A wasu ƙasashen, masu wannan yawo kan jira duhu, su shige daji, su kafa tanti ba tare da kowa ya sani ba. A Arewacin Najeriya ta yau, baƙin samari da aka gani suna kafa tanti a bayan gari da daddare, sunan da za a fara kiransu da shi shi ne masu kai wa 'yan bindiga rahoto.

Mutanen wannan yanki sun san ɗacin zargin matafiyi. A ƙarshen Maris na 2025, an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyar dawowa gida hutun Sallah, bayan an zarge su da garkuwa da mutane. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne, maƙwabciyar Rano. Darasin ya shafi kowane matafiyi: wanda ba a san shi ba, ba a san abin da ya kawo shi ba, rayuwarsa na hannun jita-jita.

Maganin kuwa tsohuwar al'ada ce. Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja ba sa sauka inda suka ga dama. Madugu ne ke neman izini, a nuna wa ayari zango, a san da zuwansu, a san da tashinsu.

Haka ya kamata masu keke su yi. Da isa gari, a tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, a yi sallama, a gaishe shi da "ranka ya daɗe", a faɗi daga inda aka fito da inda aka nufa, a nuna katin shaidar ɗan ƙasa. Shi zai ce a kwana a zaure, ko harabar makaranta, ko wani fili da 'yan sintiri suka sani. Idan garin na da ofishin 'yan sanda, a leƙa a sanar da su. Idan mai gari ya ce a'a, ko ya ce kada a bi wata hanya, a ji maganarsa.

Sauran ƙa'idojin a bayyane suke. Kada a yi tafiyar mutum ɗaya, uku zuwa biyar ya fi. A bar wa na gida jerin garuruwan da za a bi, a riƙe waya da caji, a haddace lambar gaggawa ta 112 da ta hukumar kiyaye haɗurra, 122. Kada a ɗauki hoton mata ko gidajen mutane ba da izini ba. Kada a kunna wuta kusa da karan da manomi ya tara, kada a bar shara.

Kada a shimfiɗa a gindin duwatsu ko cikin ciyawa saboda kunama da maciji, kuma a zazzage takalmi da safe. Ruwan madatsa da na kwalbatin noman rani na iya ɗauke da cutar tsargiya, ga haɗarin nutsewa, don haka a kalle shi daga gefe. Dajin Falgore kuwa, da ke can kudu, ya yi ƙaurin suna a shekarun baya da ɓarayin shanu da masu garkuwa. Ba wurin koyon zango ba ne.

Ga masu cewa ɓata lokaci ne

Akwai masu ganin cewa a wannan tsadar rayuwa, yawo a kan keke aikin marasa abin yi ne. Ƙorafin yana da tushe, domin mai neman abin da zai ci yau ba ya tunanin hutu. Amma cikin duk hanyoyin shaƙatawa, wannan ce mafi araha: babu mai, babu kuɗin otal. Ɗan kuɗin da aka kashe kuma yana faɗawa hannun mai ƙosai da mai fura da mai faci na ƙauye.

Akwai kuma ribar da ta wuce motsa jiki. Matasa da yawa a Fagge da Tarauni sun san titunan Dubai a waya, amma ba su taɓa ganin inda tumatirin miyarsu ke fitowa ba. Wanda ya tuƙa keke a kan hanyar da manomi ke bi da kaya, ya ga halin da makarantar ƙauye da asibitinta ke ciki, zai fi fahimtar abin da ake nufi idan ana maganar kasafin kuɗin ƙananan hukumomi.

Wasu kuma na cewa tsaro bai ba da dama ba. Gaskiya ne yanayi na sauyawa, shi ya sa tambayar mutanen gari kafin kowace tafiya ta zama dole. Amma idan kowa ya ƙaurace wa karkara, birni da ƙauye za su ƙara zama baƙin juna, zargi kuma ya ƙaru.

Aikin da ke gaban hukumomi

Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Yulin 2024 ta sanya Rano da Kibiya da Bunkure ƙarƙashin Masarautar Rano. Wannan ya sauƙaƙa lamarin, tunda hakimai da dagatan hanyar duk suna amsa umarnin fada ɗaya.

Masarautar za ta iya ware amintattun wuraren zango biyu ko uku, ta tanadi takardar gabatarwa da ƙungiyar matafiya za ta karɓa ta nuna wa dagatai. Ƙananan hukumomin uku kuma su samar da ruwa da banɗaki a wuraren, su kafa allunan da ke nuna nisan garuruwa. Tsari irin wannan ne zai ba makarantu da 'yan sikawut, har da ƙungiyoyin mata tare da malamansu ko muharramansu, ƙwarin gwiwar fita.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, amma ranar kan faɗo a farkon damina. Rano da Kibiya za su iya tsayar da tasu ranar a Disamba, lokacin da amfanin gona ya shigo gida kuma hanya ta bushe.

Kafin hukumomi su motsa, abokai huɗu masu kekuna huɗu ba sa buƙatar jiran kowa. Su kai kekunan wurin mai gyara, su nemi wani ɗan Kibiya ya haɗa su da mai unguwarsu, su sa ranar Asabar ɗin da za su tashi.