Fim Ba Ɗan Aiken Littafi Ba Ne

Tun da kashi na biyu na fim ɗin Dune ya fito a 2024, ya biyo katunan waya daga Tawa ya shigo Kalfu da sauran garuruwan Adar, wata magana ta zama wuridin masu ilimin fada: wai an ɓata littafin. Ana ɗora shayi na biyu, wani zai gyara zama ya ce, "Ai ku ba ku ga komai ba, littafin ya fi." Sai wuri ya yi tsit. Yaron da ya kalli fim ɗin ya ji shi har cikin ƙashinsa sai ya haɗiye ra'ayinsa, don an nuna masa cewa asalin maganar tana can wani wuri da bai isa ya taka ba.

Wannan magana ce nake ƙi, kuma ba don na raina littafi ba. Mafi yawan masu faɗinta aro suka yi. Frank Herbert ya fitar da littafin a 1965, ya haura shafi 400, da Ingilishi. Mutum nawa ne a fadar suka zauna suka karance shi, ko da fassarar Faransanci ce? Abin da suka karanta shi ne fushin masoya littafin na Amurka da Faransa, suka kwaso shi da zafinsa suka kawo mana. Amma a bar wannan. Ko wanda ya haddace littafin, in ya ce laifin fim shi ne ya saɓa wa littafi, ya ɗauko mudun da ba na wannan awon ba ne.

Ga wanda bai gani ba: labarin wata duniya ce, Arrakis, hamada zalla, ba a taɓa ruwan sama. Cikin rairayinta akwai wani sinadari da babu shi ko'ina, kuma ba a tafiya tsakanin taurari sai da shi. Manyan gidajen sarauta na wasu duniyoyi suna kashe juna a kan haƙarsa, 'yan ƙasa kuwa, Fremen, suna cikin kogwannin duwatsu suna tattalin ko ɗigon gumi. Paul, ɗan gidan Atreides, an kashe ubansa, ya gudu cikinsu, suka ɗauke shi Mahadin da suke jira. Mutumin da ya tashi yana ganin manyan motocin yuraniyom suna saukowa daga Arlit, suna ratsa Tawa su nufi bakin teku, shi kuwa garinsu ana kwana a layin rijiya, ba ya buƙatar wani ya buɗe masa shafi kafin ya gane abin da ake nufi.

To, mene ne laifin da ake tuhumar daraktan fim ɗin, Denis Villeneuve, da shi? Babba shi ne Chani, 'yar Fremen ɗin da Paul ke so. A littafi, da Paul ya ci yaƙi ya ce zai auri 'yar sarkin sarakuna, Irulan, don ya hau karaga, Chani ta zauna, uwar Paul tana ba ta baki, tana nuna mata cewa kishiyar suna kawai za ta samu. A fim kuwa tun farko Chani ba ta yarda da zancen Mahadin ba. Ta ce tatsuniya ce aka shuka musu don a mallake su. Da ya ambaci auren, kowa ya durƙusa, ita ta ƙi. Ta juya ta fice, ta yi yaji zuwa cikin hamada. Wannan shi ya tsaya wa mutane a wuya, kuma ina zargin a fadojinmu ba kishin Herbert ne kaɗai ke magana ba, akwai kishin maza masu son mace ta haƙura.

Abin da masu wuridin ba sa faɗi shi ne Herbert kansa bai rubuta Paul don a yi masa tafi ba. Gargaɗi ya yi a kan bin gwarzo ido rufe. Masu karatu da yawa ba su ji gargaɗin ba, suka ɗauki Paul jarumi, kuma littafi na biyu, Dune Messiah, wanda ya fito a 1969, ya buɗe ɓarnar da mulkinsa ya jawo a fili. A littafin farko gargaɗin yana cikin zuciyar Paul, shafi bayan shafi yana hango jinin da za a zubar da sunansa. Kyamara ba ta shiga zuciya. Dole a sami wata fuska da za ta ɗauki wannan tsoro, mai kallo ya gan shi da ido. Villeneuve ya zaɓi fuskar matar da ke son Paul, kuma ya faɗa a hirarrakinsa cewa nufin Herbert ya bi. Ya canza Chani, ya tsirar da abin da aka rubuta littafin dominsa.

An taɓa gwada ɗaya hanyar. David Lynch ya yi nasa Dune a 1984, kuma ya riƙe abubuwa da dama da ake kuka a kansu yau. Ya bar Alia, ƙanwar Paul, yarinyar da ba ta wuce shekara huɗu ba amma tana magana irin ta tsofaffi, ita ce ma ke kashe Baron Harkonnen, babban maƙiyin gidansu. Ya bar tunanin zuci, 'yan wasa suna tsaye baki rufe, murya tana raɗa abin da suke saƙawa. Abin ya cukurkuɗe har a wasu gidajen sinima takardar bayanin kalmomi aka riƙa raba wa mutane a bakin ƙofa. Fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba, Lynch kuma ya nesanta kansa da shi. Villeneuve ya bar Alia cikin cikin uwarta, ya matse shekarun labarin suka koma watanni. Yarinyar da ke ba da tsoro a takarda, a allo tana iya ba da dariya.

Akwai wani wuri a kashi na farko, na 2021, da ya isa ya kashe gardamar. Littafin yana da dogon babi na liyafa a fadar uban Paul, inda aka nuna wata al'ada: baƙi su wanke hannu, su jefar da tsummokaran a ƙasa, a matse wa mabarata abin da ya rage a bakin ƙofa. Masoya sun yi ta kukan an cire liyafar. Fim ya taƙaita zancen ruwa cikin minti guda. Paul ya fito cikin rana tsaka ya tarar da wani mutum yana shayar da itatuwan dabino da ludayi, a hankali, kada ɗigo ya zube. Mutumin ya gaya masa kowace bishiya tana shan ruwan mutum biyar a yini, kuma su ashirin ne. Daga bayan shinge talakawa suna leƙe. Daren da aka kawo hari, mun ga dabinon suna ci da wuta. Duk macen da ta taɓa ɗauko tulu daga rijiya mai gaba ashirin ta gama fahimta kafin mai karatu ya juya shafi. Wanda ya kai gero a dama masa fura ba ya tsayawa neman zangarniya a cikin ƙwarya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan ra'ayi baƙo ne a gidanmu. Littafin da muke alfahari da shi fiye da kowanne, Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya rubuta shi ne a Zariya a shekarun 1930 bayan Bature Rupert East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa, Indiya da Turai. Akun da ke riƙe ɗan sarki da hira asalinsa daga gabas yake. Imam ya sauya sunaye, ya sauya garuruwa, ya yanke, ya ƙara, ya sa wa kowa rawani da bakin Hausa. Da ya bi ƙa'idar 'yan fadarmu, da abin da zai fito fassara ce mai sanyi wadda ba wanda zai tuna. Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. A Kano ma marubutan da kansu ne suka ɗauki kyamara, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a shekarun 1990. Kuma waɗannan samarin masu kishin Herbert, su ne ke kwana kallon fassarar Algaita, inda jarumin Indiya ke zuba karin magana da ba'ar Kanawa da ba ta cikin bakinsa, ba wanda ya taɓa cewa an ci amanar Mumbai.

Mu dawo gida sosai. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980. Shi ma ƙagawa ya yi. Sarauniyar da mutanen Arewa suka sani mai riƙe da al'ada da asiri ce, shi ya fito da ita mayaƙiya mai baka da kwari. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986. Shirin ɗaukarsa a Nijar ya wargaje, aka koma Burkina Faso ta zamanin Sankara, Aï Keïta ta hau matsayin, sarauniyar Hausawa ta buɗe baki da Julanci. In da mudun amana za a auna, ba abin da ya rage. Amma fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987, ya kai sunan Lugu inda littafin bai kai ba. Abin kunyar da ke cikin wannan tarihi namu ne, mu da muka bar labarinmu ya je maƙwabta neman masauki.

Sannan ga Moustapha Alassane, wanda ya zauna a nan Tawa, ya mai da ɗakunan otal ɗinsa wurin haɗa fim, ya sa kwaɗi kokawa, har ya rasu a Wagadugu a 2015. Ya ɗauki labarin Toula daga Boubou Hama, yarinyar da aka sadaukar don a sami ruwa, ya fito da shi a lokacin babban farin farkon shekarun 1970, mutane suna kallo da ƙishirwar gaske a maƙogwaro. Tun 1966 kuma ya yi wa masu kwaikwayo ido rufe ba'a a Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna suka hau dawaki suka addabi garin, suna bin abin da suka gani a sinima sau da ƙafa. Da 'yan fada za su nemi wannan fim su kalla, wataƙila wani ya tsargu.

Kada a ce na ce duk abin da mai fim ya yi daidai ne. Ina da ƙorafina a kan Dune, kuma ya fi nasu nauyi. Herbert ya fara tunanin littafin ne a 1957, da ya je Oregon ya ga ana dasa ciyawa don a tsayar da tuddan rairayi masu cin hanya. Mafarkin Fremen shi ne wannan: tara ruwa a ɓoye, dasa ciyawa, sai ƙananan itatuwa, aikin da jikokin jikoki ne za su ci moriyarsa. Villeneuve ya taɓa zancen sama-sama ya wuce wajen yaƙi. A Adar, inda aka fara aikin Keita a 1984, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan fako, inda manoman Illela suka farfaɗo da gonakin da suka mutu da tassa da rabin wata, wannan ne zuciyar labarin, kuma an rage mana shi don ba ya sayar da tikiti a Los Angeles. Haka kuma an ɗauki mutanen da aka gina da kalmomin Larabci da kamannin mazauna Sahara, aka je Jodan da Abu Dhabi aka ɗauki hamadarsu, amma manyan matsayin Fremen aka ba Javier Bardem ɗan Sifen da Zendaya 'yar Amurka. Babs Olusanmokun, haifaffen Legas, an ba shi Jamis, wanda Paul ya kashe a ƙarshen kashi na farko. Waɗannan tambayoyi, me aka sauya, don wa aka sauya, wa ya ci riba, mai kallon da bai taɓa shiga lakwal ba yana iya yin su, yana kuma iya amsa su. Shi ya sa masu "littafin ya fi" ba sa son su. Nasu zancen ƙofa yake rufewa, ya bar mabuɗi a hannun wanda ya iya Faransanci.

Ɓarnar ba ta tsaya a fada ba. Mai kyamara da ya san za a yi masa ca da zarar ya taɓa jimla ɗaya, sai ya guje wa littafi gaba ɗaya, ya koma kwafar fim ɗin Indiya, inda ba marubucin da zai biyo shi. Ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutum ya taka wata, labarin yaro Kilba da Kolin Koliyo ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Labarin kimiyya ne da Hausa, namu na kanmu. Duk wanda zai mai da shi fim yau dole ya sauya abubuwa da yawa, don yaron da ke riƙe da waya a Kalfu ya riga ya ga hoton duniyar Mars, abin da ya ba Kilba mamaki ba lallai ya ba shi ba. Wurin ɗauka kuwa ba sai an je Jodan ba. Baƙin dutsen fakon Adar da tsakar rana, ba itace ba inuwa, ya ishi kowace kyamara. Abin da mai fim zai yi shi ne ya nemi izinin masu haƙƙin littafin, a rubuta yarjejeniya, a biya kuɗi, a sa sunan Dembo a farkon fim da manyan baƙaƙe. Bayan haka a sakar masa mara, in ya ga dama ma ya mai da Kilba yarinya mai bakin Adaranci.