Mai Nemo Maka Kaya Da Kuɗi, Shin Zai Nemo Maka Riba?

'Yan uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wata sana'a da ta shigo gari, wadda da yawa daga cikinmu suke ɗokin shiga da zarar sun ajiye alƙalamin jarrabawar fita. Ita ce sari da sayarwa a kasuwar intanet. Mutum yana zaune a ɗaki sai ya saro kaya, ya ɗauki hotonsu, ya baje a Jumia ko Konga ko Jiji, ko kuwa ya yi tallarsu ta WhatsApp da Instagram. Wannan sana'a kuwa ta haifi wata, watau ta masu cewa a biya su kuɗi su nemo wa mutum kayan da za su ci kasuwa da inda zai saro su da araha. Tambayar da nake so mu duba ita ce, shin kuɗin da ake ba waɗannan mutane yana dawowa da riba? Maganar ba ta wasa ba ce, gama sau da yawa jarin da yaro zai fara da shi kuɗin adashin mahaifiyarsa ne, ko kuɗin tunkiyar da aka sayar domin a kafa shi.

Da farko ya kamata mu san asalin abin. An kafa Amazon a Amurka a shekarar 1994, eBay kuma a 1995, a shekarar 2000 ne Amazon ya buɗe wa sauran 'yan kasuwa ƙofa su baje kayansu a rumfarsa. A ƙasar Sin an kafa Alibaba a 1999, mai haɗa masu masana'antu da 'yan sari. A nan Nijeriya an buɗe Jumia da Konga a 2012. Da masu sayarwa suka yi yawa, sai kowa ya rasa abu ɗaya, watau sanin kayan da zai ɗauka da wanda zai saya a wurinsa. Nan ne masu nemo kaya suka sami ƙofar shiga.

Masu wannan aiki iri biyu ne, kuma duk wanda ya kasa bambanta su ya shiga uku. Na farko shi ne mai sayar da labari. Shi abin da yake ba ka jerin sunaye ne: ga kayan da ake rububi, ga adireshin masu sayar da su. Za ka biya shi kowane wata ko kowace shekara, ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Na biyu shi ne mai yin aiki. Shi yana zaune a Guangzhou ko Yiwu, ya iya harshen mutanen, zai je masana'anta, ya taya, ya biya da kuɗin ƙasar, ya buɗe kwali ya duba, ya haɗa kayan ya sa a jirgi. Ladansa la'ada ce a kan abin da aka saya. Ra'ayina shi ne, na farko da wuya ya jawo maka riba, na biyu kuwa yana iya tsare maka ita, in ka yi lissafi kuma ka dace da mai amana.

Ga dalilina game da mai sayar da labari. Riba a sari daga ina take fitowa? Daga sanin abin da maƙwabcinka bai sani ba. To, asirin da aka sayar wa mutum dubu ai ya tashi daga asiri. Ranar da aka aiko maka da sunan wata fitila aka ce ita ce take tashe, a ranar aka aika wa duk wanda ya biya irin kuɗin da ka biya. Bayan 'yan makonni sai ku haɗu a kasuwa ɗaya, da kaya ɗaya, har da hoto ɗaya. A Kantin Kwari mai saye yakan gaji da yawo ya tsaya a wurinka, amma a intanet ba ya gajiya, da yatsa ɗaya zai jera farashinku duka ya ɗauki na ƙasa. Daga nan sai karya farashi, wannan ya rage ɗari, wancan ya rage ɗari biyu, har a wayi gari kowa yana neman uwar kuɗinsa kawai.

Kun tuna ɗan abin wasan nan da yara suke juyawa a kan yatsa, wanda ya cika duniya a shekarar 2017? Waɗanda suka fara kawo shi sun ci kasuwa. Amma yayinsa bai wuce 'yan watanni ba, waɗanda suka jira sai da labari ya bazu kafin su yi oda, kayansu sun iso bayan an tashi kasuwa, suka yi kwantai a sito. Labarin da ake sayarwa kullum labarin jiya ne, domin sai kaya sun riga sun yi tashe mai jerin yake ganinsu.

Sa'an nan ku tambayi kanku, in da gaske mutum ya san kayan da za su ninka jari cikin wata guda, me ya hana shi ya saro su ya ci ribar shi kaɗai? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi ya gane cewa sayar da labarin ya fi sayar da kayan tabbas, domin kuɗin wata ba ya yin kwantai, ba ya fashewa a hanya, kwastan ba sa riƙe shi. A Amurka, a shekarar 2018, hukumar kula da ciniki ta ƙasar, wadda ake kira FTC, ta kai masu wani shiri mai suna Amazing Wealth System kotu. Sun yi ta gaya wa mutane cewa za su iya samun dala 5,000 zuwa 10,000 cikin kwana 30 ta sayar da kaya a Amazon, suna karɓar maƙudan kuɗi a hannunsu. Hukumar ta ce yawancin waɗanda suka biya ba su ga wannan riba ba, aka kuwa dakatar da shirin. Ban ce duk mai sayar da jeri haka yake ba, amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ko a Kano ko a Amurka.

Bari mu yi ɗan lissafi irin wanda Malam yake ba mu a aji. Mu ɗauka, a misali, yaro ya saro fitila mai caji guda 100, kowace a kan naira 4,000, ya kama naira 400,000. Wakilinsa ya karɓi kashi 5 cikin ɗari, watau 20,000. Kuɗin jirgi da na kwastan suka ci 120,000, ɗauri da dako suka ci 30,000. Jimlar abin da ya kashe naira 570,000 ke nan. Ya sa kowace fitila a kan 8,000, masu kasuwar intanet suka cire kashi 10 cikin ɗari, ya rage masa 7,200. Guda 5 sun lalace a hanya, ya sayar da 95, ya sami 684,000. Ribarsa naira 114,000.

To, a ce yana biyan mai jeri naira 25,000 a wata, kayan kuma sai da suka yi wata 3 kafin su ƙare. An cire 75,000, saura 39,000. In kuwa abokan karatun jerin nan suka tilasta shi ya sauko zuwa 7,000, abin da zai shigo hannunsa 598,500 ne, ribar ta koma 28,500, ya cire 75,000, ya faɗi da naira 46,500. Mai jeri kuwa kuɗinsa sun cika cif.

Yanzu mu juya lissafin. A ce yaron ya ƙi biyan wakili don ya tsira da 20,000, ba wanda ya buɗe kwali ya duba, aka zubo masa fitilu 20 marasa kamawa. Ya kashe 550,000, ya sayar da 80, ya sami 576,000. Ribarsa 26,000 kacal, maimakon 114,000. Kun ga la'adar 20,000 ta tsare masa 88,000. Wannan shi ne bambancin biyan aiki da biyan labari.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna da fatoma a Salaga, wanda zai sauke su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye da sayarwa, ya ci ladansa a kan cinikin da aka ƙulla. Har gobe dillalin shanu a kara ba ya cin la'ada sai an sallama. Hikimar da ke ciki ita ce, cin dillali yana ɗaure da cin mai kaya, kuma in ya ci amana sau ɗaya, labari zai riga shi isa gida. Wakilin da yake Guangzhou fatoma ne na zamani. Shi ya sa ake bukatarsa a shafi irin 1688, wanda aka yi shi domin cinikin cikin ƙasar Sin, da harshen Sinanci, inda yawancin masu kaya ba sa aikowa waje da kansu.

Na san wani zai ce, to sabon shiga da bai san kowa ba, ina zai dosa? Ai gara ya biya a nuna masa dillalan da aka tantance, da ya faɗa hannun 'yan damfara. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Akwai kamfanoni irin su SaleHoo da Worldwide Brands da suka daɗe suna tattara sunayen 'yan sari suna sayar da damar dubawa, kuma tantance mai kaya aiki ne mai amfani. Amma fa samun mai kaya na gaskiya daban, samun riba daban. Mai gaskiya yana iya sayar maka a farashin da ba zai bar maka ko kwabo ba bayan an cire dako. Bayan haka, duba kaya da tambayar farashi a Alibaba kyauta ne ga mai saye. Wanda ya ga lalle sai ya biya, to ya biya sau ɗaya, ya rubuta shi a matsayin kuɗin makaranta, kada ya bari ya zama harajin wata-wata a kan jarin da bai tsaya da ƙafarsa ba.

Kada kuma a ɗauka kowane wakili waliyyi ne. Akwai mai cin la'ada a hannunka, ya koma ya ci a hannun masana'anta, sai ya riƙa kai ka inda aka fi ba shi, ba inda ya fi maka ba. Akwai kuma abin da ba wakilin da zai iya tare maka, watau canjin kuɗi. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da kayansa da tsohon farashi ya ga kamar ya ci riba, da ya koma sari sai ya tarar kuɗin ba su sayen rabin abin da suka saya a da.

Saboda haka ga shawarata. Ɗan uwa, kafin ka miƙa ko sisi, tambayi mai nemo kayan nan abu uku: wane aiki za ka yi mini da hannunka, mutum nawa ka ba irin abin da za ka ba ni, in kaya suka zo ba daidai ba wa zai ɗauki asarar? Nemi samfur tukuna, gama gani ya kori ji. Fara da kaɗan, nemi rasit na masana'anta, rubuta kowane kwabo a littafi. Kuma kada ka raina abin da yake kusa da kai. Takalman fata na Kano da turaren wuta da hulunan hannu ba su cikin jerin da ake aika wa mutum dubu, kai kuwa ka san masu yin su.

Ku kuma iyayenmu, in ɗanku ya zo neman jari, kada ku hana shi, amma ku ce ya kawo lissafi a rubuce. Mafi kyau ku haɗa shi da wani ɗan kasuwa da kuka amince da shi, ya yi ko wata 6 ne yana ganin yadda ake saye da sayarwa. Abin da zai koya a bakin rumfa ba a sayar da shi a jeri. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka a neman kowa.