Me ya sa haihuwa ta fi zama haɗari ga baƙar mace a Amurka?

Alƙaluman da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar na shekarar 2023 sun nuna cewa mace-macen mata masu juna biyu da masu jego sun ragu a ƙasar, daga 32.9 cikin kowace haihuwa 100,000 a 2021, lokacin da annobar korona ke tashe, zuwa 18.6. Sai dai wannan sauƙi bai shafi kowa daidai ba. A tsakanin fararen mata adadin ya tsaya a 14.5, amma a tsakanin baƙaƙen mata ya kai 50.3, wato fiye da ninki uku. Haka abin yake ga jarirai: a 2022, kusan jarirai 11 cikin 1,000 na baƙaƙen iyaye mata sun rasu kafin cika shekara, alhali na farare ba su kai 5 ba.

Bayanin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne talauci, kuma yana da gaskiyarsa, amma bai wadatar ba. Wani rahoton CDC na 2019 ya gano cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba fuskantar barazanar mutuwa sakamakon ciki. Shalon Irving, ƙwararriya a CDC ɗin kanta da ke nazarin rashin daidaito a harkar lafiya, ta rasu a Janairun 2017, makonni uku bayan haihuwa, sakamakon matsalar hawan jini, tana da shekara 36. A cikin wannan shekarar ce Serena Williams, tauraruwar wasan tanis, ta ji numfashinta na sarƙewa kwana ɗaya bayan an yi mata tiyatar haihuwa. Ta san alamar gudan jini a huhu domin ta taɓa fama da shi, amma sai da ta nace kafin a yi mata hoton da ya tabbatar da abin da ta faɗa tun farko. Idan mai suna da dukiya irin nata sai da ta yi ta roƙo kafin a saurare ta, ana iya kintata halin da mai aikin share ofis ke ciki.

Wasu kuma sukan ɗora laifin a kan halitta. Binciken da likitoci Richard David da James Collins suka wallafa a 1997, bisa bayanan haihuwa na Jihar Ilinoy, ya raunana wannan zato ƙwarai: nauyin jariran matan da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa can ya fi kusa da na fararen mata, ba da na baƙaƙen da aka haifa a Amurka ba. Ke nan matsalar tana cikin rayuwar da mace ta yi a ƙasar tun tasowarta, da unguwar da take zaune, da damuwar wariya da ke cin jiki sannu a hankali. Wannan abin lura ne ga masu hali daga Najeriya da ke kai matansu haihuwa can; kayan aiki na zamani suna nan, amma ba su ne ke tabbatar da cewa za a saurari mai naƙuda ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne an san maganin. Kwamitocin jihohi da suka bi diddigin mace-macen 2017 zuwa 2019 sun ce sama da kashi 80 cikin 100 ana iya kauce musu, kuma fiye da rabi sun auku ne tsakanin mako ɗaya zuwa shekara ɗaya bayan haihuwa, lokacin da mai jego ta koma gida, hankalin kowa ya karkata ga jariri. Jihar Kalifoniya ta gwada wata hanya tun 2006: ta sa asibitoci su tanadi keken kayan tsayar da zubar jini a kusa da ɗakin haihuwa, su riƙa auna jinin da ya zuba maimakon ƙiyasi da ido, ma'aikata kuma su riƙa atisaye kamar 'yan kwana-kwana. Zuwa 2013 mace-macen sun ragu da fiye da rabi. Duk da haka, giɓin da ke tsakanin baƙi da fari bai rufe ba, domin ƙa'ida a rubuce ba ta tilasta wa likita yarda da mace idan ta ce jikinta ba daidai ba.

A ɓangaren siyasa, mataki mafi tasiri ya zo ne a 2021, lokacin da dokar tarayya ta ba jihohi damar tsawaita inshorar Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi daga kwana 60 bayan haihuwa zuwa wata 12. Kusan dukkan jihohi sun karɓa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa shirin ne ke biyan kuɗin haihuwar kusan biyu bisa uku na baƙaƙen mata. Amma jerin ƙudurorin da ake kira Momnibus, da 'yan majalisa Lauren Underwood da Alma Adams suka gabatar tun 2020, ɗaya kacal daga ciki, wanda ya shafi tsofaffin sojoji mata, aka sanya wa hannu a 2021.

Yanzu kuma iska ta sauya. Dokar haraji da kasafi da Shugaba Donald Trump ya rattaba wa hannu a ranar 4 ga Yulin 2025 za ta zaftare ɗaruruwan biliyoyin daloli daga Medicaid cikin shekara goma. Ba a soke kariyar masu ciki kai tsaye ba, amma asibitocin karkara da na unguwannin talakawa da kuɗin shirin suke rayuwa, kuma sashen haihuwa, da ba ya kawo riba, shi ne yawanci ake fara rufewa idan aljihu ya yi sanyi. A jihohin kudu irin su Misisipi da Alabama, inda baƙaƙen fata ke da yawa, gundumomi da dama tun kafin wannan doka ba su da ko asibiti ɗaya da ake karɓar haihuwa.