ƘWALLON GORA NA ƘANƘARA: A BAR GWANAYE SU BUGA WA ƘASASHENSU

Jama'a, akwai wata gardama da aka fi shekara 50 ana tafkawa a ƙasashen sanyi, wadda nake so in tsoma bakina a ciki, ko da yake ba wanda ya gayyace ni. Gardamar kuwa a kan ƙwallon gora na ƙanƙara ce, wato wasan nan da mutum shida-shida ke zamiya bisa daskararren ruwa da takalma masu kaifin ƙarfe, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna zuwa raga. Abin tambaya shi ne, shin 'yan wasan da ke cin albashi a manyan kulob-kulob, musamman na gasar NHL ta Amurka da Kanada, ya kamata su je Olamfik su buga wa ƙasashensu, ko kuwa a bar wa masu yi don sha'awa fagen? Ni dai ba ni da ɓoyo, na ce su je. Masu cewa kada su je kuwa kashi biyu ne: akwai masu ruɗin kai, akwai masu lissafin aljihu.

Masu ruɗin kai su ne ke cewa wai Olamfik fage ne mai tsarki na waɗanda kuɗi bai ɓata ba. To, ina tambayarsu, a wace shekara ya taɓa zama haka? Daga 1956 zuwa 1988 Tarayyar Sobiyat ta cinye zinaren wannan wasa sau bakwai, da sunan 'yan sha'awa. Yawancin gwanayenta, irin su mai tsaron gida Vladislav Tretiak, na kulob ɗin sojoji ne na Mosko. A takarda sojoji ne masu muƙami, a zahiri kuwa ba su da wani aiki sai horo a kan ƙanƙara kusan shekara cur, gwamnati na ɗauke da su. Ita kuwa Kanada an hana ta kawo nata gwanayen don kawai albashinsu a fili ake biya. Da abin ya ishe ta, a 1970 ta janye daga gasannin duniya, ba ta je Olamfik na 1972 da na 1976 ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Satumba na 1972 aka shirya karawa takwas tsakanin ƙwararrun Kanada da waɗannan "sojoji". Mutanen Kanada sun zaci za a yi ta ci ne kamar tuwo, ai kuwa a wasan farko a Montreal aka lallasa su da ci 7 da 3. Daga ƙarshe Kanada ta ci huɗu, Sobiyat uku, aka yi kunnen doki ɗaya, kuma sai da ya rage daƙiƙa 34 a tashi wasan ƙarshe a Mosko kafin Paul Henderson ya raba gardama. Don Allah, malamai, wanda ya riƙe wuyan manyan ƙwararru har zuwa daƙiƙa 34 na ƙarshe, shi ne ɗan sha'awa?

Na san za a jefo mini 1980, shekarar da ɗaliban jami'o'in Amurka suka doke Sobiyat da ci 4 da 3 a Lake Placid. Ba na musun daɗin labarin, balle ga mu ɗalibai. Amma su kansu Amurkawan abin al'ajabi suke kiransa, kuma ba a kafa doka a kan abin al'ajabi. 'Yan kwanaki kafin gasar, Sobiyat ɗin nan ta ci waɗannan ɗaliban 10 da 3 a New York. Bayan gasar kuma da yawansu NHL suka nufa, har Ken Morrow ya ɗauki Kofin Stanley a shekarar. Ashe ba ƙin albashi suke yi ba, layi suke jira.

Zuwan ƙwararru kuma bai kashe abin mamaki ba. A Nagano ta Japan a 1998, karon farko da 'yan NHL suka je, ba Kanada ce ta ci ba, ba Amurka ba, ba Rasha ba. Jamhuriyar Cek ce, bayan da Dominik Hašek ya toshe raga ya fitar da Kanada, aka kuma ci Rasha ɗaya da nema. A 2002 Belarus ta kori Suwidin, da duk gwanayenta.

Kashi na biyu su ne masu kulob, kuma su aƙalla ba su fake da tsarki ba. Kukansu shi ne ana tsayar musu da kasuwa fiye da mako biyu a watan Fabrairu, sa'an nan a dawo musu da ɗan wasa a kan gado. Wannan ya faru: a Sochi a 2014 John Tavares ya ji ciwo a gwiwa, bai ƙara buga wa New York Islanders ba a kakar. To amma mutumin da ke buga wasa sama da 80 a kaka, ana haɗa shi da bango dare da rana, a Olamfik kaɗai gwiwarsa ke iya tsinkewa? Maganin wannan inshora ce, kuma a nan ne Kwamitin Olamfik na Duniya ya yi abin kunya. Tun 1998 yake biyan kuɗin tafiya da inshorar 'yan wasan, da 2018 ta gabato ya ce ya daina, alhali shi ke kwashe kuɗin talabijin, ya kuma hana NHL amfani da hotunan gasar. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski.

Su ma masu kulob ba su fita ba, domin a 2017 suka ce 'yan wasansu ba za su Koriya ta Kudu ba. Shin fagen ya koma hannun 'yan sha'awa? Ina! 'Yan Rasha ne suka ci zinare, da ƙwararrun gasar KHL masu cin albashi. Wato dai an hana ƙwararrun wasu, an bar na wasu, kamar yadda aka yi a zamanin Sobiyat. A 2022 kuma annobar korona ta sake hana 'yan NHL zuwa Beijing. Da haka Connor McDavid, wanda ya shiga NHL a 2015, ya rasa gasa biyu a jere yana kan ganiyarsa, ba don ƙasarsa ba ta so shi ba.

'Yan wasan kansu ba su taɓa ɓoye abin da suke so ba, don a 2020 ƙungiyarsu ta sa aka rubuta zuwa Olamfik a cikin yarjejeniyarta da masu kulob. A Fabrairun 2024 aka sanar da amincewar komawarsu a gasar 2026 da ta 2030. Madalla, amma ku lura, gasa biyu kaɗai aka ambata. Bayan nan za a sake zama a teburin ciniki, a sake tambayar wa zai biya kuɗin jirgi, yaron da yanzu yake koyon tsayuwa a kan ƙanƙara a Helsinki ko Winnipeg kuwa ba zai sami kujera a wannan teburi ba.